Tambaya da Amsa: Cututtukan alkama da batun sauya ta da waken Larabawa

Wasiƙun wannan wata galibinsu daga masu noman rani suke, na bakin gulbin Rima da kewaye, tun da shukar alkama ta ƙarato. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara wasu zangarniyoyin alkamata sun fito baƙi ƙirin, ba ƙwaya sai gari kamar na gawayi, iska ta kwashe ya bar tsinke. Na ajiye iri daga wannan gona, kuma irin yana da kyau, ba tabo ko ɗaya. In na shuka shi a wata gona daban bana, na tsira? Daga wani manomi a Goronyo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka tsira ba, domin cutar ba a gonar take ba, tana cikin buhunka. Wannan burtuntunar alkama ce. Lokacin da alkama ke fure, garin nan baƙi da iska ta kwasa yakan sauka kan zangarniyoyi masu lafiya, ya tsira, ya shige can cikin idon ƙwayar da ke ƙulluwa, ya kwanta. Ƙwayar ta cika ta yi kyau, ba mai gane ta da ido, kuma ba laifi a ci ta. Sai an shuka ta cutar ke farkawa, ta bi tsiron daga ciki har sama, ta cinye zangarniya tun ba ta fito ba. Abin da ka gani bara, tun shekarar da ta gabace ta ya shiga irin.

Bari mu shimfiɗa wata ƙa'ida a nan, don sauran amsoshin duk a kanta za su hau. Kafin ka nemi maganin kowace cutar shuka, ka tambayi inda take kwana idan ba amfani a gona. Wata cikin iri take, kamar wannan. Wata cikin ƙasa da tushiyar da aka bari. Wata kuwa iska ke kawo ta daga nesa. Sauya shuka maganin ta biyun ne kaɗai. Ta cikin iri, ko Kwalkwalawa ka kai irin, da ita za ka tafi.

Mafi sauƙi, ka sayar da wannan ko a ci, ka sayi tantataccen iri. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ce ke da alhakin alkama a Najeriya, kuma irinta kamar Norman da Reyna-28 da Atilla Gan Atilla an san su a wajen masu noman rani. In kuwa dole sai naka, ka wanke shi da maganin da ke ratsawa cikin ƙwaya. Nan mutane ke kuskure: maganin da ke tsayawa a bayan ƙwaya kawai, irin su tiram zalla ko mankozeb, ba ya taɓa burtuntunar alkama, don ba a waje take ba. Nemi mai karboksin a ciki, kamar Vitavax, giram 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo ɗaya na iri, wato giram 200 zuwa 250 ga buhu mai kilo 100. Ko mai tebukonazol, kamar Raxil, bisa awon da ke jikin takardarsa. Zuba iri kilo goma-goma a cikin jarka ko ƙaramar ganga mai murfi, yayyafa ruwa kaɗan don maganin ya kama, ka jijjiga minti uku zuwa biyar har kowace ƙwaya ta ɗauki launi. Sa safar hannu, ka rufe hanci. Ragowar irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba kaji, ba a kai shi kasuwa.

Akwai kuma wata dabara da aka ƙirƙiro a Fanjab, yankin da Indiya da Pakistan suka raba, wadda kamar don Sakkwato aka yi ta, sai dai lokacinta ya wuce bana. A watan Afrilu ko Mayu, ranar da zafi ya haura digiri 40, ana jiƙa iri cikin ruwa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana, a tsame, a baza shi siriri a kan siminti cikin tsakiyar rana har ƙarfe 4, sannan a ci gaba da shanyawa har ya bushe ƙayau kafin a adana. Ruwan yana tayar da cutar daga barci, ranar ta kashe ta. Bayan haka ka ƙirga ƙwaya 100 ka sa cikin jiƙaƙƙen buhun algarara kwana bakwai. In ƙasa da 85 suka tsira, ka ƙara yawan irin da za ka shuka.

A gona kuma, masu cutar sukan riga sauran fitar da kai da 'yan kwanaki. Ka bi da safe, ka rufa wa kowace leda kafin ka tuge, ka ƙone su nesa da gona. Wanda ya tuge ya yar a kan kunya, ya taimaka wa iska ne kawai.

Tambaya: Na ji a ƙasashen waje ana sauya alkama da wannan wake mai ƙaho da muke ci a Saudiyya, kuma wai yana kashe cututtukan alkama. Zai yi a fadamarmu? Daga wani Alhaji a Wurno.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Waken da kake nufi shi Larabawa ke kira hummus, mutanen Sudan na cewa kabkabe, Indiyawa na cewa cana. Indiya ce ke noma fiye da rabin na duniya. Wadda ta fi kama da mu ita ce Sudan, inda ake noma shi da ban-ruwa lokacin sanyi a bakin Nilu, arewa da Khartum. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ya yi a nan. Amma mu ba shi haƙƙinsa, kar mu ƙara masa.

Na farko, shi da alkama kishiyoyi ne: dukansu hunturu suke so. Ba za ka yi alkama da rani ka bi ta da shi da damina ba, ruwa da zafi za su ruɓar da shi. Sauyin shi ne rani wannan alkama, rani mai zuwa wake, da shinkafa ko dawa a tsakani.

Abin da yake yi da gaske: cututtukan da ke zaune cikin tushiyar alkama, wato mai ruɓar da gindi da mai sa baƙin tabo a ganye da saiwa, ba sa cin wake. Shekarar da ba alkama, suna jiran abincin da bai zo ba, tushiyar na ruɓewa, yawansu na raguwa. Da sharaɗi ɗaya: ka cire gyauron alkama da ciyayi dangin hatsi daga cikin waken, in ba haka ba ka bar wa cutar gada. Yana kuma ɗaukar wa kansa sinadarin da ake samu a yuriya daga iska, amma sai da ƙwayoyin halittar da ke yi masa ƙulli a saiwa, kuma nasa daban suke da na wakenmu ko gyaɗa. Ƙasar da ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta da su. Dole a shafa wa irin garin ƙwayoyin da aka yi musamman dominsa, a inuwa, a shuka a ranar. Bayan sati biyar ka haƙo tushe biyar, ka fasa ƙullin da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

Abin da ba ya yi: ba ruwansa da cutar tsatsa da iska ke kawo wa alkama, ba ruwansa da burtuntuna. Sannan akwai maƙiyan da suke ci tukunya ɗaya da alkama. A Ostireliya, inda ake wannan sauyi sosai, an gano wata 'yar tana da ido ba ya gani, mai shiga saiwa tana ƙuje ta, tana hayayyafa a kan alkama da wannan wake duka. Wanda ya yi ta alkama, wake, alkama, wake ba hutu, kiwonta yake yi. Haka cutar farin zare da za mu yi magana a kanta a ƙasa.

Shi ma yana da nasa. Wadda ta fi suna a duniya ita ce ƙunar askokayita: tabo zagaye-zagaye a ganye da kwanso, da ɗige-ɗige baƙi a tsakiya, reshe ya karye a wurin tabon. Tana bin iri da karmami, kuma feshin ruwan sama ke yaɗa ta. A nan mun ci sa'a, raninmu ba ruwan sama, saboda haka in irin mai tsabta ne kuma ba a ban-ruwa ta sama, da wuya ta yi ƙarfi. Waɗanda za ka fi jin tsoro biyu ne. Ɗaya ciwon yaushi: shuka ta langaɓe ta bushe alhali saiwarta da kyau a waje, amma in ka tsaga kara a tsaye sai ka ga cikinsa ya yi baƙi-baƙi. Wannan takan zauna cikin ƙasa har shekara shida, kuma feshi ba ya yi mata komai. Iri mai juriya da dogon hutu ne kawai. Ɗayar busasshen ruɓan saiwa, mai zuwa lokacin kwanso idan zafi ya haura digiri 30 ƙasa kuma ta bushe: shuka ta koma launin kara, ka ja ta ta fito ba ƙananan saiwoyi, babbar ta yi baƙi tana karyewa. Wanda ya makara da shuka har kwanso ya faɗa cikin zafin ƙarshen Fabrairu, ita zai gamu da ita, ga kuma zubar fure idan zafi ya kai 35.

In za ka gwada, shawararmu ka fara da fanguna kaɗan. Shuka cikin rabin farko na Nuwamba, a kan kunya, santimita 30 tsakanin layi, 10 tsakanin tushe, zurfin santimita 5 zuwa 8. Kar ka ba shi ruwa irin na alkama: in ruwa ya kwana biyu a gindinsa, shukar mutuwa za ta yi. Kada kuma ka shuka wanda aka zo da shi tsaraba ko na kanti. Iri daga waje ta hannun hukumar killace tsirrai yake bi, don ta wannan hanya cututtukan da ba mu da su ke shigowa. Cibiyar ICRISAT, wadda ke aiki a kan wannan wake, tana da ofis a Kano. Nan ya kamata a fara tambaya ta hannun malamin gona.

Tsarin da ya fi kwanciya mana a rai shi ne a raba fadama huɗu: kashi biyu alkama, ɗaya albasa ko tafarnuwa, ɗaya wake, ana juyawa kowace shekara, yadda alkama ba za ta bi alkama ba, wake kuma ba zai dawo wuri ɗaya ba sai bayan shekara huɗu. Kuma gaskiya, in don karya cutar tushiya ne kawai, albasar da Wurno ta riga ta ƙware a kai za ta yi wannan aiki, ga kasuwarta a shirye. Ka fara sanin wa zai sayi waken kafin ka faɗaɗa.

Tambaya: Alkamata ta fitar da kai lafiya, sai na ga wasu kawunan sun yi fari fat, ba ƙwaya, sauran kuma kore. Mai shagon magani ya ba ni na feshi, na yi sau biyu ba canji. Daga wani matashi a Kware.

Amsa: Ɗan'uwa, farin kai alama ce, ba suna ba ne na cuta ɗaya, kuma hannunka zai gaya maka wanda ya yi aikin. Kama farin kan ka ja sama a hankali. In ya zare cikin sauƙi, ƙarshensa a cinye, da huda a kara da ɗan kashi a ciki, tsutsar kara ce, irin wadda ke cin masara da dawa. In duk tushen ya taso ba saiwa, da ƙasa cushe cikin kara, gara ce, kuma takan fi yawa inda ruwa bai isa ba. In kan ya ƙi zarewa, ka tuge tushen, ka ɓare ganyen ƙasa: gaɓar farko da ta biyu sun yi ruwan zuma zuwa ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan ja-ja a ciki, wannan ruɓan gindi ne. Cutar ta toshe hanyar ruwa tun da wuri, amma ba ta nuna kanta sai shuka ta ji ƙishi lokacin cika ƙwaya.

Cikin ukun nan ba wanda feshi ke dawo da shi bayan kai ya yi fari. Kuɗin ya tafi. Na tsutsa, ka kawar da karan dawa da masara da aka jingine kusa da gona, don a ciki take wuce rani. Na ruɓan gindi, kada ka bari tazarar ban-ruwa ta wuce kwana bakwai zuwa goma daga fure zuwa cikar ƙwaya, kada ka cika yuriya fiye da ruwan da kake da shi, sannan ka hutar da wurin daga alkama rani biyu.

Tambaya: Yaya zan bambanta tsatsa da rawayar ƙarancin taki? Kuma nawa zan zuba a tankin feshi na goyo? Daga wata ɗalibar aikin gona a cikin garin Sakkwato, mai kula da gonar mahaifinta.

Amsa: Malama, goga ganyen da farin ƙyalle. In ya ɗauko gari mai launin tsatsar ƙarfe, ita ce. In bai ɗauko komai ba, dubi inda rawayar ta fara: tsofaffin ganyen ƙasa suka fara, daga tsini zuwa gindi, gona duka bai ɗaya, yunwar yuriya ce; in kuwa a kwarin fangali ne kawai inda ruwa ke kwanciya, saiwa ce ta shaƙe.

Tsatsar ganye ƙananan ƙuraje ne masu ruwan lemo a warwatse a saman ganye. Ta kara ta fi duhu, dogaye ce, tana yaga fatar kara har ka ji kaushi a yatsa, kuma ita ta fi ɓarna don takan kwantar da shuka. Irin tata da ake kira Ug99, wanda aka gano a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, shi ya tayar da hankalin masu binciken alkama a duniya. Dukansu iska ke ɗauko su, ba sa rayuwa cikin ƙasa ko matacciyar tushiya, sai kan shuka mai rai. Kafin ƙwayar ta shiga ganye tana bukatar ya jiƙe kamar awa shida zuwa takwas, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ta fitar da sabon gari. Busasshiyar iskar hunturu tana taimakonmu ƙwarai. Inda ake samun matsala shi ne fadama ta kusa da gulbi mai raɓa, shuka mai cunkoso, da wadda aka makara. Shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, kilo 100 zuwa 120 a hekta, a layi mai tazarar santimita 20 zuwa 25, ya rage rabin damuwar.

Daga lokacin da kara ya fara gaɓa, ki zaga gona sau ɗaya a mako, ki duba tushe goma a wuri biyar. Abin karewa shi ne ganyen ƙarshe na sama da biyun da ke ƙarƙashinsa, su ke cika ƙwaya. In ƙuraje sun fara hawa ganye na uku daga sama kafin fure ya ƙare, a yi feshi. In ƙwaya ta riga ta yi tauri, a bar kuɗin a aljihu.

Awo: firofikonazol mai ƙarfin 250, kamar Tilt, rabin lita a hekta. Kada ki fara da tambayar nawa a tanki, fara da tanki nawa ke cinye hekta. Cika tankin da ruwa zalla, mai feshin ya yi tafiyarsa ta kullum, ki auna filin da ya rufe. In tanki mai lita 16 ya rufe murabba'in mita 800, hekta na cin tanki goma sha biyu da rabi, saboda haka mililita 500 a raba, ya zama 40 a kowane tanki. In mai saurin ƙafa ne ya rufe 1,000, tanki goma ke nan, mililita 50. Ki auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. A yi da safe bayan raɓa ta bushe, kafin iska ta taso, da ruwa mai tsabta, ba na kwata mai laka ba. In cutar ta ci gaba, a maimaita bayan sati biyu zuwa uku, kuma a bar aƙalla wata guda tsakanin feshin ƙarshe da girbi. Mankozeb kariya ce kawai a bayan ganye. In tsatsa ta riga ta shiga, ba zai fitar da ita ba.

Tambaya: Sati uku da shuka, tsiron alkama ya riƙa mutuwa wuri-wuri. A gindinsa akwai farin zare kamar auduga da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwayar lalo. Wurin tumatir na yi a baya. Daga wani dattijo a Rabah.

Amsa: Baba, bayaninka ya isa. Cutar farin zare ce, kuma 'yan ƙwayoyin nan, masu fara fari su koma ruwan ƙasa, su ne rumbunta; da su take zama shekaru cikin ƙasa. Ba ta da zaɓin abinci: tumatir, tattasai, gyaɗa, wake, har waken Larabawan da aka tambaya a sama. Shi ya sa sauyi da waɗannan ba ya rage ta. Abu uku take so: ƙasa mai ɗumi, danshi, da ɗanyen karmami a saman ƙasa. Wanda ya yi gaggawar shuka a ƙarshen Oktoba, ƙasa ba ta huce ba, ya zuba takin gida da bai ruɓe ba, ya haɗa mata ukun.

Ka tuge matattun da ƙasar gindinsu ka fitar, kada ruwan wannan fangali ya wuce zuwa na gaba. Kafin shuka mai zuwa a yi huɗa mai zurfi, kamar santimita 20, yadda ƙasar sama za ta koma ƙasa, don ƙwayoyin ba sa iya aiki daga zurfi. A zuba takin gida ruɓaɓɓe sati uku kafin shuka, a wanke iri da Vitavax, a jira sanyi ya sauka. In wurin na riƙe ruwa, shinkafar damina da ruwa ke kwanciya a kanta wata biyu zuwa uku tana rage ta sosai. In tudu ne, gero ko dawa.

Tambaya: In ƙone tushiyar alkama bayan girbi? Daga wani manomi a Silame.

Amsa: Malam, ba ma ba da wannan shawara. Wuta na cin abin da ke sama, amma gindin da cutar ruɓa ke ciki yana ƙarƙashin ƙasa, ba ta kai masa. Ka yi asarar abincin dabbobi da abin da zai gyara ƙasa, cutar kuma tana nan. Yanke ƙasa-ƙasa ka kwashe wa dabbobi, sauran ka juya shi cikin ƙasa da ruwan farko na Yuni. Gara da damina za su gama da shi kafin Nuwamba. Wurin da ya cancanci wuta shi ne masussuka, in gonar ta yi ciyawa mai iri: tara ƙaiƙayin wuri ɗaya, nesa da rumbu, ka ƙone da yamma lokacin da iska ta kwanta.